Gefen Hagu na Kan Baba

Mahaifina ya shekara arba'in da ɗaya yana gyaran injuna a shago ɗaya, a bakin titin da manyan motoci ke bi suna girgiza kwanon rufi. Fanka, injin jan ruwa, injin niƙa, janareto, duk abin da ke da waya naɗe a cikinsa, idan ya mutu wurinsa ake kawowa. Injiniya ake ce masa. Ba shi da takardar da ta ba shi wannan suna, amma na sha ganin masu takardar sun ajiye motocinsu a ƙofar shagon, suna tsaye hannu a aljihu suna jiran ya ɗago kai.

Shagon ɗaki ɗaya ne. Akwai bencin katako da baƙin mai ya rine, da dunƙulen wayar tagulla rataye a ƙusoshi, da warin ƙonanniyar roba wanda ba ya barin rigunansa ko an wanke sau uku. Idan aka kawo inji ba ya saurin kwancewa. Sai ya kunna shi, ya ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfen, ya kara mariƙin a kunnensa na dama, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Boris ɗin baya ne ya cinye, wanda sandar injin ke juyawa a kai," ko kuma, "Waya ta ƙone ta gefe ɗaya." Ban taɓa ganin an buɗe an tarar da wani abu daban ba. In zai sake naɗin waya, yana warware tsohuwar yana ƙirga zagayen da leɓe, ba ya rubutawa. Kayan mutane kuwa ba takarda yake manna musu ba, zare yake ɗaurawa: ja mai ƙulli biyu na mai gidan burodi ne, shuɗi na matar nan mai shagon ɗinki. Mu 'ya'yansa huɗu mun ɗauka salo ne irin na gwanaye.

A gida muna da abin dariyarmu, wato Inna. Innarmu ba ta iya karatu a zuci ba. Takardar makaranta, rubutun jikin kwalbar magani, saƙon waya, allon talla a bakin hanya, duk sai ta karanta da ƙarfi kowa ya ji. Mukan ce, "Inna, ai muna da ido." Baba kan ce, "Ku ƙyale ta, muryarta ke mata daɗi." Ranar da muka kawo sakamakon jarrabawa, yakan karɓa ya duba sama da ƙasa fuska a ɗaure, sannan ya miƙa mata. "Karanta da ƙarfi. Wanda ya yi abin kirki a ji, wanda ya yi abin kunya ma a ji." Ya tsaya mana a kan karatu kamar ransa, har dukkanmu muka gama jami'a. Amma bai taɓa dukan ɗayanmu saboda makaranta ba, ko ranar da ƙanena ya zo na ƙarshe a aji.

Ni ce na doki tawa 'yar. Shekararta tara lokacin. Rediyo muke ce mata, don tana buɗe ido take fara magana. Labarin da aka ba ta sau ɗaya za ta maimaita shi bayan wata uku, har da inda mai ba da labarin ya yi tari. Amma a ajiye mata littafi, sai ta zama wata yarinya daban. Layi ɗaya sai ta yi minti biyar a kansa, tana cije leɓe, tana cankar kalmomi daga hoton da ke gefe. Malamarsu ta rubuto cewa lalaci ne. Na yarda. Wata ranar Lahadi da yamma ta karanta kalma ɗaya daidai a saman shafi, ta zo ƙasan shafin ta kasa gane ta, sai na ɗauki rula na buga mata a hannu sau uku. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mama, wallahi ina kallonta."

Na kai ta wurin likitan ido. Ya ce idonta ya fi nawa lafiya, ya tura mu wurin wata likita a babban asibiti, mai duba yaran da karatu ke ba wa wahala. Mijina yana kan tafiyar aiki. Da na faɗa a gidanmu, Baba ya ce shi zai kai mu. Ranar Talata ce, ranar aiki. Tun da na yi wayo ban ga ya rufe shago ranar aiki ba sai don rasuwa. Na ɗauka son jika ne kawai, don shi da Rediyo ba a shiga tsakaninsu. Amaryarsa yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai warin inji.

Likitar ta yi fiye da awa biyu da yarinyar. Ina zaune a gefe ina ji. Ta ce mata, "Ce kujera. To, yanzu ce kujera amma ki cire ku." Rediyo ta dube ni. Ta ba ta kalmomin da ba su da ma'ana ta karanta, ta kasa. Amma da aka zo wurin jera tubala su yi daidai da hoto, da amsa tambaya a kan labarin da aka karanta mata, likitar sai da ta ajiye alƙalami ta yi dariya. Bayan an gama, wata ma'aikaciya ta fita da yarinyar ta zauna tare da ita a waje, aka kira Baba ya shigo.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru uku, da fanka a sama wadda Baba ya ɗaga kai ya harara tun shigowarsa, don tana ƙara. Likitar ta ce abin da ke damun 'yata sunansa disleksiya. Ta ce ba ciwon ido ba ne, ba lalaci ba ne, kuma bai shafi kaifin basira ba. Wahalar tana wurin haɗa harafi da sautinsa. Sai ta juyo da kwamfuta ta nuna mana hoton ƙwaƙwalwa, an shafa wa wasu wurare launi.

"Wannan ba hoton 'yarku ba ne," in ji ta. "Hoton mutum ɗaya ba ya yanke hukunci, gwajin da na yi mata shi ke nunawa. Wannan an tattara na mutane da yawa ne, masu wannan matsala da marasa ita, aka kwatanta." Ta ɗora yatsa a kanta, sama da kunnen hagu, ta ɗan ja shi baya. "Yawancin aikin karatu a gefen nan ake yinsa. Nan ake rarrabe sautukan magana. Nan ƙasa ta baya ake gane siffar kalma da kallo ɗaya. Tsakanin baya da gaba kuma akwai damin jijiyoyi da ke kai saƙo. A wurin mutane da yawa masu disleksiya, an ga bambanci a ginin waɗannan wurare da yadda suke aiki lokacin karatu. Har yanzu ana bincike a kan wanne ne sanadi, wanne ne ya biyo baya, amma an ga alamun bambancin a wasu yara tun kafin su shiga makaranta."

Sannan ta ce abin yakan bi jini. Ta tambaye ni ko a danginmu ko na mahaifin yarinyar akwai wanda karatu ya wahalar. Na yi dariya. Na ce mata gidanmu gidan 'yan boko ne, Baffana ma, yayan Baba, hedimasta ne har ya yi ritaya.

Baba ya tashi ya matsa kusa da kwamfutar. Ya sunkuya yadda yake sunkuyawa a kan inji.

"Likita, wannan damin da kika ce," in ji shi, "tsinkewa wayar ta yi, ko naɗin ne daban?"

Ta ɗan yi tunani. "Ba tsinkewa ba ne, Baba. Idan da irin maganarku ne, sai in ce naɗin ne daban tun farko. Saƙo yana wucewa, amma da wahala."

"Duka yana gyara shi?"

"A'a."

"Ko an yi shekara shida ana yi?"

Likitar ta dube shi, ta dube ni. Ni ban gane komai ba tukuna. Na ce, "Baba, sau ɗaya ne fa na taɓa ta, kuma na yi nadama."

Bai ko kalle ni ba. Ya ɗauki takardar da ke kan tebur, wadda aka ba mu a ƙofar shiga, ya riƙe ta da hannu biyu. Ya kafa wa babban rubutun saman ido. Leɓensa ya fara motsi. "A... sa... si..." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya cije leɓe. Daidai yadda Rediyo take cijewa. Ya ajiye takardar ya ce, "Ni ne, Likita. A wurina ta samo."

Na ji kamar an janye kujerar da nake kai. Na ce, "Baba, wasa kake?" Na ce, "Sakamakonmu fa da kake dubawa?" Ya ce jan biro yake nema, in ya ga ja da yawa ya san ba lafiya. Na ce, "Tuƙi fa? Allunan hanya?" Ya ce siffarsu ya sani, kuma hanyar da ya bi sau ɗaya ba ta ɓace masa. Ina ta jero tambayoyi kamar mai tuhumar ɓarawo, har likitar ta ɗora hannu a kan nawa. Shekarata talatin da takwas. Na zauna a cinyar mutumin nan, na yi aikin gida a kan bencinsa, ya raka ni jami'a da akwatina a kansa, ban taɓa lura cewa ban ga ya karanta layi ɗaya ba.

A mota Rediyo ta yi ta ba mu labarin ma'aikaciyar da ta zauna da ita. Baba ya sauke mu a gida ya wuce shago. Na tarar da Inna tana ninke wanki a falo. Na tsaya a kanta na ce, "Inna, kin san Baba bai iya karatu ba?"

Ba ta fasa ninke zanin da ke hannunta ba. "Ya faɗa ke nan," ta ce. "To, alhamdulillahi. Maƙogwarona ya huta."

Na zauna a ƙasa. Ta ce tun kafin aure ya gaya mata. Ya zo da fuska kamar wanda zai ce ya kashe mutum, ya ce kafin ta amince ta sani shi daƙiƙi ne, ko wasiƙa ba ya iya karantawa. "Na ce masa, to ni ma ban iya gyaran fanka ba." Daga ranar ta zama idonsa. Duk takardar da ta shigo gidan, ta karanta da ƙarfi kamar halinta ne, don kada ya roƙa, kada kuma mu gane. "Kuna ta yi mini dariya," in ji ta. "Ni da nake cinye littafi guda a zuci kafin ku dawo daga makaranta."

Na tambaye ta shekara shidan da ya ambata. Nan ne ta ajiye wankin. Ta ce mahaifinsu ya rasu Baba yana da shekara biyar, Baffa ne ya riƙe shi, lokacin yana sabon malami a firamaren da aka sa Baba. Abin kunya ne a ce ƙanen malami ne na ƙarshe a aji. Kullum bayan an tashi sai ya zaunar da shi da littafi da bulala. Wata rana ya kwaɗa masa mari, kunnen hagu ya yi jini, tun daga nan ba ya ji da shi sosai. Ni da na ɗauka kara sukundireba a kunnen dama ma salo ne.

Ranar Asabar Baffa ya zo, kamar yadda ya saba zuwa duk mako. Dogo ne, ya haura saba'in, har yanzu da biro biyu a aljihun gaba. Ya riga ya ji an kai Rediyo asibiti, kuma bai ji daɗi ba. Ko zama bai gama yi ba ya fara. Ya ce likitocin zamani sun ƙirƙiro wa lalaci suna. Ya ce a ba shi yarinyar wata uku. Sannan ya kawo labarin da muka ji ya fi sau ɗari, wanda yake bayarwa a taron iyaye da malamai duk makarantar da ya riƙe.

"Ga misali nan zaune," ya nuna Baba. "Wannan da kuke gani, babu irin taurin kan da bai yi ba. Ban saurara masa ba. A aji shida ya tashi gaban mai duba makarantu ya karanta shafi uku bai yi tuntuɓe ba. Da na tausaya masa, da yau ina yake?"

Baba yana zaune yana juya kofin shayi a hannu. Ya ce, "Yaya, ban karanta ba."

"Me ka ce?"

"Haddacewa na yi. Yaron da muke zama benci ɗaya nake gyara wa keke, shi kuma ya karanta mini littafin ina ji. Na haddace shi daga bango zuwa bango, har da inda ake juya shafi. Yadda nake a karatu ranar da kuka fara dukana, haka nake ranar da kuka daina."

Baffa ya yi dariya, ya dube mu yana jiran mu taya shi. Babu wanda ya taya. Ya zaro takarda daga aljihu, ya rubuta wani abu da manyan baƙaƙe, ya miƙa wa Baba. Baba ya duba ya daɗe. Ya ce, "Na ga harafin farkon sunana. Sauran sai dai in canka." Sunansa ne da na mahaifinsu.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Na kawo takardar bayanin da likita ta ba ni, mai zanen ƙwaƙwalwa, na nuna masa wuraren, na maimaita abin da ta ce gwargwadon yadda na riƙe. Ya sa tabarau ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya koma ya sake. Da ya zo wurin zanen, sai ya ɗaga ido ya dubi gefen kan ƙanensa, ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

"Innalillahi," ya ce. Can ya sake cewa, "Innalillahi." Sai ya fara magana, ba da mu ba. "Shekara talatin da biyar. Duk ajin da na shiga akwai su, biyu ko uku. Akwai wani mai zama kusa da taga, in an yi lissafin baki shi ne na ɗaya. Akwai wata yarinya mai in'ina, uban ya cire ta bayan na ce masa ɓata lokaci ne. Da labarinka nake dukansu. Nakan ce da malamaina kada su ji tausayi, ni na gwada a kan ƙanena ya yi aiki." Ya juyo wurin Baba. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, Yaya, da kun ci gaba daga inda kuka tsaya."

Baffa ya tashi ya fita ba sallama. Ya bar takalminsa ɗaya a ƙofa, sai da ƙanena ya bi shi da shi har bakin titi.

Yanzu shekara biyu ke nan. Rediyo tana zuwa wurin wata malama sau biyu a mako, suna aiki da katunan haruffa, sauti bayan sauti. Tana karatu a hankali, tana gajiya da wuri, amma tana karantawa, kuma makarantarsu ta yarda a ƙara mata lokaci a jarrabawa. An yi wa Baba gwajin manya, abin da ya faɗa ya tabbata. Ya je darasi sau huɗu ya ce kansa yana ciwo, injunan mutane kuma suna jira. Bai koma ba. Shi da Baffa suna gaisawa, suna zama, amma ban ji sun sake ta da maganar ba.

Baffa ne bai huta ba. Ya nemi a ba shi dama ya yi magana a taron malamai, aka ba shi minti biyar, wasu suna duba waya. Daga nan ya shiga neman tsofaffin ɗalibansa. Yawancinsu bai same su ba. Wata uku da suka wuce ya ce in kai shi wani wuri a mota, ya sami labarin mai zama kusa da taga.

Mai walda ne yanzu, da furfura a gemu, yana haɗa ƙofar ƙarfe a gaban rumfarsa. Ya ɗaga gilashin fuska, ya gane Baffa nan take, ya miƙe tsaye hannu a baya kamar an kira shi gaban aji. Baffa ya yi masa bayani a tsaye cikin rana, yana haɗa kalmomi da ƙyar, ya nemi gafara. Mutumin ya saurara bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Sannan ya ce, "Malam, 'yata ta biyu haka take. Jiya ma uwarta ta zane ta. Ina ne asibitin?"

Baffa ya zaro biro da takarda ya fara rubuta masa kwatance. Ya yi layi ɗaya, ya tsaya. Ya dubi takardar, ya dubi mutumin. Ya ninke ta ya mayar aljihu.

"Gobe ƙarfe takwas ku shirya," ya ce. "Zan zo in raka ku."